LAFIYA UWAR JIKI: Ƙafafun Da Suka Ƙi Kwanciya

A watan nan wasiƙa ɗaya tak za mu amsa, gama maganar da ke cikinta ta fi ƙarfin layi biyu ko uku, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa da ake fama da irin wannan abu ba a san sunansa ba.

Wata uwargida ce mai 'ya'ya biyar ta rubuto, ta roƙa kada a ambaci sunanta ko na garinsu. Ta ce yau shekara uku ke nan ba ta san barcin kirki ba. Da rana lafiyarta ƙalau, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana zuwa kasuwa. Amma da zarar ta gama aikin gida ta miƙe a gado, sai wani abu ya taso mata a ƙafa, tsakanin gwiwa da idon sawu. Ta rasa yadda za ta kwatanta shi, sai ta ce kamar tururuwa ke tafiya a cikin ƙashi, can inda farce ba ya kaiwa. Tilas ta motsa ƙafar. In ta tashi ta taka sai ya lafa, in ta koma ta kwanta sai ya dawo. Haka za ta yi ta kewaya tsakar gida har zakara ya yi cara. Maigida ya kwashe shimfiɗarsa ya koma wani ɗaki, domin ko barci ya sace ta, ƙafafun ba su daina harbinsa ba. Surukarta ta ce jifa ne. Wani mai sayar da magani ya ba ta Piriton domin ta yi barci, abin ya ƙara tsanani. Rannan kuma ta yi gyangyaɗi a bakin murhu har bakin zanenta ya kama wuta, sai da babbar 'yarta ta watsa mata ruwa.

Ga abin da ya sa ta rubuto. Ƙanwarta ta haihu, ita kuwa ta yi alkawarin hula da safar jariri kafin ranar suna. Dare uku ta zauna da kwarashi da ulu tana saƙa, tana ƙirgawa, uku ja, biyu fari. Sai daga baya ta lura cewa muddin tana cikin saƙar nan ƙafafun ba su dame ta ba. Tambayarta ita ce, zuciyarta ce ke ruɗinta, ko kuwa saƙa magani ce?

Uwargida, zuciyarki ba ta ruɗe ki ba. Abin da kika gano da kanki, likitocin da suka ƙware a kan wannan ciwo suna ba marasa lafiyarsu shawararsa. Amma kafin mu kai ga kwarashi, bari mu fara sanin abin da ke damunki.

Ciwo ne mai suna

Wannan ciwo daɗaɗɗe ne. Wani likitan Ingila mai suna Tomas Wilis ya rubuta labarin masu fama da shi tun a shekarar 1672. A 1945 kuma wani likitan jijiyoyi na ƙasar Suwidin, Karl Ekbom, ya bincika shi sosai ya raɗa masa suna mai ma'anar ƙafafu marasa natsuwa. Shi ya sa likitoci sukan kira shi ciwon Wilis da Ekbom. Mu a nan za mu ce masa rashin natsuwar ƙafa.

Babu na'urar da ke nuna shi. Da bakin mai ciwo ake gane shi, ta alamu huɗu. Mutum yana jin tilas ya motsa ƙafafunsa, sau da yawa tare da wani ji mara daɗi a cikinsu. Abin yana tasowa ne sa'ad da ya zauna ko ya kwanta. Motsi yana kawo sauƙi nan take, muddin ana motsin. Sa'an nan ya fi tsanani da yamma da dare, ya lafa da safe. Duk huɗun suna cikin wasiƙar nan.

Kada a haɗa shi da ɗaurewar jijiya, wadda takan kama sha-raɓa farat ɗaya da zafi mai tsanani har ka ji naman ya yi tauri kamar dutse. Kada kuma a haɗa shi da sagewar ƙafar wanda ya daɗe a zaune ya lanƙwashe ta, ko da zafin tafin sawu na masu ciwon sukari, wanda ba ya barin mutum ko ya tashi ya taka. Harbin da maigida ya gudar wa kuwa ɗan'uwan ciwon ne. Kamar mutum takwas cikin goma masu rashin natsuwar ƙafa, ƙafafunsu sukan zabura cikin barci, sau ɗaya kowace daƙiƙa 20 zuwa 40, su ba su ma sani ba.

A Turai da Amurka, inda aka fi ƙirga masu shi, ana samunsa ga mutum 5 zuwa 10 cikin manya ɗari, ko da yake yawancinsu nasu mai sauƙi ne. Mata sun ninka maza. Yana bin jini kuma, gama kusan rabin masu shi suna da wani a dangi mai irinsa. Ki tambayi gyatumarki ko gwaggonninki, watakila ki ji an ce ai wance ma haka take yawon dare.

Tushensa

Ko da yake a ƙafa ake jinsa, gindin ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma babban abin da aka gano yana da hannu a ciki shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Ƙwaƙwalwa tana bukatar ƙarfen nan domin sarrafa wani sinadari da ake kira dofamin, mai kula da motsin jiki. Tun a 1953 wani likita a Suwidin ya yi wa masu ciwon allurar ƙarfe ta jijiya, kusan dukansu suka sami sauƙi.

To, mace mai haihuwa biyar ta ba da ƙarfen jikinta sau biyar. Ƙara da jinin wata-wata, da tsutsar ciki mai shan jini, da tuwon da ba kullum ake samun nama a miyarsa ba. Ba abin mamaki ba ne rumbun ya yi ƙasa. Saboda haka ne ma kamar mace ɗaya cikin biyar takan ji wannan abu lokacin da take da ciki, musamman a wata uku na ƙarshe, galibi kuma ya wuce 'yan makonni bayan haihuwa. Masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi musu wankin ƙoda, su ma yana yawan kama su.

Akwai kuma abubuwan da ke zuga shi, na farkonsu kuwa shi ne wanda aka ba ki. Piriton da Phenergan da 'yan'uwansu, watau magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, suna tayar da wannan ciwo. Haka wasu magungunan amai kamar Maxolon, da da yawa daga cikin magungunan da ake ba masu ciwon damuwa. Wanda likita ya ɗora shi a kan irin waɗannan na ƙarshe kada ya bari da kansa, sai dai ya koma ya faɗa masa. Goro da shayi da kofi da baƙin lemon kwalba duk suna ɗauke da abin da ke hana barci, yana kuma daɗewa a jiki sa'o'i da yawa, don haka goron la'asar yana nan yana aiki da tsakar dare. Shayi yana da laifi na biyu, gama in an sha shi tare da abinci yakan hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin abincin. Giya da taba su ma ba abokan mai wannan ciwo ba ne.

Me ya sa saƙa ta yi aiki?

Ciwon nan yana jiran abu biyu su haɗu, jiki ya huta, hankali kuma ya yi sanyi. Shi ya sa yake kama mutum a gado, da cikin doguwar tafiyar mota, da wurin taron da aka daɗe ana jawabi. In aka hana shi ɗaya daga cikin biyun sai ƙarfinsa ya ragu. Tafiya tana hana jiki hutawa, wannan kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hankalin da ya duƙufa a kan wani abu shi ma yana danne shi ko da mutum yana zaune. Masu ciwon sukan ce ba sa jin kome sa'ad da suke gardama mai zafi ko suna dara. A 2004 wasu ƙwararrun likitocin wannan ciwo a Amurka suka fitar da jagora domin sauran likitoci, aka sabunta ta a 2013 da 2021, cikin matakan da ba na magani ba kuwa sun sa yin abin da ke farkar da hankali a lokacin da mutum zai zauna shiru. Ƙirgar nan taki, uku ja, biyu fari, ita ce ta yi aikin.

A 2013 kuma aka buga wani bincike a Ingila inda masu saƙa 3,545 daga ƙasashe dabam dabam suka amsa tambayoyi. Waɗanda suka fi yawan saƙa su ne suka fi cewa suna jin natsuwa da farin ciki bayanta. Lalle wanda ya tambayi masu son saƙa ko saƙa na da daɗi ya san amsar da zai samu, ba kuma a kan ciwon ƙafa aka yi binciken ba. Duk da haka abin da suka faɗa bai saɓa wa abin da kakanninmu mata suka sani ba, su da suke zama da mazari da taskirar auduga a gaban aci-balbal har yara su yi barci a tsakiyar tatsuniya.

Ni a ganina, aikin hannu ya fi dara da gardama a wannan wuri. Ba ya bukatar abokin yi, ba ya tashin mutanen gida. Ga wani abu kuma wanda bai kamata a rena shi ba. Wanda ya yi sa'a uku yana kewaya tsakar gida, abin da yake kwasa zuwa safiya shi ne haushi. Gobe tun rana ba ta faɗi ba ya fara jin tsoron gado, tsoron nan kuwa shi kansa yana hana barci, har ya zama ko a daren da ƙafar ta yi shiru ido ya ƙi rufuwa. Ta haka ciwo ɗaya yake zama biyu. Wanda ya wayi gari da rabin faifai a hannu, gajiyarsa ɗaya ce da ta wancan, amma bai yi daren yana faɗa da kansa ba.

Kwando biyu

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Abin da ke kwantar da ƙafa, watau farkar da hankali, shi ne kuma yake korar barci. Uwargidan nan ba ta faɗa mana ƙarfe nawa ta kwanta ba a dare ukun nan na hular jariri, amma zan iya cewa ba da wuri ba ne. In aka ɗauki aiki mai wuya da ƙarfe biyu na dare, ƙafa za ta yi shiru, ido kuwa ya bushe har asuba. Saboda haka shawarata ita ce a tanadi kwando biyu, na yamma dabam, na tsakar dare dabam.

Kwandon yamma na lokacin da aka ci tuwo aka zauna ne. A nan ake so aiki mai cin hankali, wanda in ka ɗauke ido ka ɓata: saƙar kwarashi mai ado da launi biyu ko uku, ɗinkin hula mai bin zane, faifai mai kwalliya inda ake canza rinanniyar kaba a ƙirge, ko koyon wani sabon salo da hannu bai saba ba. A fara tun ƙafar ba ta taso ba, gama tare ta ya fi sauƙi a kan kwantar da ita bayan ta tashi. Kowa ya san lokacin da tasa takan fara, sai ya riga ta da rabin sa'a. A wannan lokaci a kunna fitila mai haske sosai, kada a kashe ido a banza.

Mai keken ɗinki na ƙafa, irin su Singer da Butterfly, ta yi sa'a ƙwarai, gama ita ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ƙafa tana takawa, ido yana bin allura. Ta ajiye ɗinkin da za ta yi da keke zuwa yamma, ta yi yanka da guga da safe.

Kamar sa'a ɗaya kafin a kwanta sai a rufe wannan kwando, ko da saura layi ɗaya. Na nanata, ko da saura layi ɗaya, domin duk mai saƙa ta san yadda layi ɗaya yake haihuwar goma. A rage fitila. A zuba ruwa mai ɗumi a bokiti a tsoma ƙafafu, ko a yi wanka da shi. A shafa man kaɗanya a murza sha-raɓa da kyau. A dafa bango da hannu biyu, a tura ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, har a ji bayan ƙafar ya miƙe, a ƙirga talatin, a canza. Sa'an nan a kwanta.

Kwandon tsakar dare kuwa na lokacin da aka kwanta abin ya ƙi ne. Akwai wata ƙa'ida da wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Ricad Butzin, ya fito da ita a 1972, har yau kuma tana cikin hanyoyin da aka fi dogara da su wajen maganin rashin barci. In ka kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, ka tashi ka bar gadon, ka yi wani abu mai sauƙi a ƙaramin haske, kada ka koma sai barci ya fara fizgarka. In ka koma ya sake ƙi, ka sake tashi. Dalili shi ne, kada jiki ya koyi cewa gado wurin juye-juye da tsaki ne. Ba a duba agogo, da ka ake kimanta mintin.

Ga mai rashin natsuwar ƙafa sai a ƙara abu ɗaya, aikin ya zama wanda za a iya yi a tsaye. A wannan lokaci motsi ne zai lura da ƙafa, hannu kuma ya lallashi zuciya. Don haka a zaɓi abin da yatsu suka riga suka haddace, mara ƙirga, mara ado: doguwar saƙa mai launi ɗaya, kitsa kaba ta tabarma, tufkar igiya, naɗe zare, ko ma ɓarar gyaɗa da tsince wake a tire da aka ɗora a kan tebur. A jefa dunƙulen ulu a cikin jaka a rataya a kafaɗa, sai a yi ta saƙa ana takawa a hankali daga bango zuwa bango, ko a tsaya wuri ɗaya ana sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Kada wani ya ce ba ya yiwuwa. Matan tsibiran Shetlan, can arewa da Sikotilan, sun shahara da saƙa suna tafe, da kwandon makamashi a baya.

A yi amfani da ulu mai kauri, mai haske, da babban kwarashi, domin a iya gani a ƙaramar fitila. Haske mai ƙarfi, musamman farin nan na fitilar caji da na fuskar waya, yana gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye. A juya fitilar ta fuskanci bango, ko a nemi mai jan haske. Wayar kuwa a bar ta inda take. Wadda ta ce bari ta duba sabon salon saƙa a waya da ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe uku zai same ta tana kallon bikin mutanen da ba ta sani ba.

Akwai abin da ba ya shiga wannan kwando. Wuƙa da aska da kayan sassaƙar ƙwarya ba na mai gyangyaɗi ba ne. Ƙananan allurai ma haka, kada ɗaya ta ɓace a tabarmar da yara ke rarrafe. Auduga da kaba da ulu kuwa abincin wuta ne, in fitilar kananzir ce a nisanta su. Babban abin da ba ya shiga shi ne aikin mutane. Hular da mai ita zai zo karɓa ranar Jumma'a, da ankon bikin da aka riga aka ci kuɗinsa, waɗannan damuwa suke kawowa. Aikin dare ya zama wanda babu mai jiransa, in an yi kuskure a ciki babu wanda zai ce uffan. Bargon da za a yi shekara ana saƙawa ya fi kome dacewa.

A haɗa kwandon tun da rana a ajiye shi wuri ɗaya tare da tocila da takalmi, kada a tashi ana lalube ana tada mutane. Mai fita tsakar gida ya sa takalmin, ya haska gabansa saboda kunama da maciji, ya rufe jikinsa saboda sauro, gama wanda ya fito daga gidan sauro da tsakar dare ya fito ne daidai lokacin cin kasuwarsu. Da an fara hamma, ƙafa kuma ta yi sanyi, a ajiye aikin ko a tsakiyar layi ne, a koma gado. Da safe a tashi a lokacin da aka saba.

Maza kada su ce wannan maganar mata ce. A ƙasar nan su wa ke zama a masaƙa suna taka mataka? Su wa ke yi wa babbar riga aska takwas, su wa ke tufka da saƙar tabarma a gindin bishiya? Magidancin da ƙafa ta hana shi barci ya nemi kabarsa. Mai doguwar tafiya kuma, namiji ko mace, ya riƙe ɗan aikin hannu a jaka, ya nemi kujerar da zai iya miƙe ƙafa, in da hali ya bi motar safe.

Kalma ɗaya ga maigida

Maigida, da girmanka, harbin nan ba da gangan ba ne, uwargida ba ta ma san tana yi ba. Barcinka hakkinka ne, gama kai ma da aiki a gabanka. Amma shimfiɗa biyu a ɗaki ɗaya ta fi ɗaki biyu, domin mace mai yawon dare ita kaɗai, ga kuma maganar jifa tana yawo a gida, ba ƙafa kaɗai ke damunta ba. Ka yi wa Inna bayani da kanka, daga bakinka za ta fi karɓa. Ka sani kuma, wajen asuba zuwa hantsi ne ƙafar ke sakin mai ita, barcin wannan lokaci shi ne mafi daɗi da take samu. In akwai wanda zai hura wuta ya shirya yara, ko da kwana biyu ne a mako, ka sa a bar ta. Zanen da ya kama wuta gargaɗi ne. Mai irin wannan gajiya kuma, in direba ne ko mai babur, abin ya fi haka haɗari.

Zuwa asibiti

Kwarashi ba ya ƙara ƙarfe a jini, saboda haka sai an je asibiti. A faɗa wa likita alamun nan huɗu yadda suke, a kai masa dukan magungunan da ake sha, har da na gargajiya. A roƙa a yi awon feritin, wanda ke nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye. Wannan dabam yake da awon jini na yau da kullum, gama ana iya cewa jininki ya isa alhali rumbun ƙarfen ya kusa ƙarewa. Ga mai wannan ciwo, in feritin ya kasance 75 ko ƙasa da haka likitoci sukan ba da ƙwayar ƙarfe, ko da lambar ta isa ga wanda ba shi da ciwon. Kada a yi awon ana cikin zazzaɓi, domin zazzaɓi yakan ɗaga lambar ta yi ƙarya. In an sami ƙarancin, a nemi ta inda yake zuba, ko tsutsa ce, ko yawan jinin al'ada, ko gyambon ciki.

Ƙwayar ƙarfe ba ta gaggawa, takan ɗauki kamar wata uku kafin a sake awo. Ta fi shiga jiki in an sha ta da ruwan lemo, nesa da shayi da madara. Takan baƙanta bayan gida, wani lokaci ta ɗaure ciki, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne yaro ya same ta, gama tana kama da alewa, kaɗan kuwa ta isa ta kashe ƙaramin yaro. A ɓoye ta a sama. Kada kowa ya sha ta wata da watanni ba awo, musamman masu sikila da waɗanda aka sha ƙara musu jini, domin su ƙarfen yakan yi musu yawa ne. A wajen abinci, hanta da nama da kifi su ne kan gaba, sai wake da zogale da alayyahu, a matsa lemon tsami a kai.

In an gyara ƙarfen, an bar goron yamma da Piriton, ciwon bai bari ba, akwai magunguna. A da likitoci sun fi fara ba da masu aiki irin na dofamin, sai aka ga bayan shekaru sukan mai da ciwon ya fi na da, ya riƙa farawa tun da rana, har ya hau hannu. A ƙarshen 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sauya shawararta, ta sa gabafentin da 'yan'uwansa da ƙarin ƙarfe ta jijiya a gaba. Waɗannan duka na likita ne, suna sa jiri da barci, mai ciki kuwa ba ta taɓa su sai da izninsa. Valium da tiramol na bakin kasuwa kada a kusance su.

Uwargida, in an yi awon ki rubuto mana lambar da aka samu, da abin da likita ya ce, ki kuma gaya mana abin da kika zuba a kwandon dare. Sauran masu karatu da ke da irin wannan ƙafa, ku ma muna so mu ji aikin da ya fi karɓarku, za mu buga abin da fili ya ɗauka ba tare da sunaye ba. Sai wata mai zuwa.